Takardar Manita

A firamaren Tudun Wada, aji biyar,
ni Malam Isiyaku ya miƙa wa takarda
da guntun fensir mai tabon haƙori a gindi.
Ya ce, "Zan leƙa ofis. Wanda ya yi surutu, rubuta shi.
Wanda ya yi Hausa, rubuta shi sau biyu."
Da Hausa ya faɗa mini.

Mu saba'in da ɗoriya, benci huɗu.
Masu takalmi sau-ciki a gaba,
sauran a ƙasa, kan siminti mai ramuka,
kowa da buhun da ya ɗauko daga gida.
Ni kuwa a tsaye, jikin allo,
ɗan mai shayi da aka ba aron sarauta.

Nazifi ya mai da tebur kalangu.
Ubansa ne ya saya wa ajin kwanon rufi,
sai fensirina ya kurumce.
In an fita tara yana gutsura mini biredi,
mai man shanu a tsakiya.

Lawandi yana can ƙurya, gindin tagar da ba marfi,
yatsunsa duk hujin allura,
don sai bayan isha yake ajiye zare
a zauren babansa, can cikin birni.
Wani ya taka masa ƙafa,
ya ce, "Matsa mini."
Kalma biyu.
Na rubuta shi sau biyu.

Bulala shida a tafin hannu,
aka ce ya ƙirga da Turanci.
Ya ƙirga, bai yi tuntuɓe ba,
bai kuma dube ni ba.
Da ya harare ni da na samu sauƙi.

Akwai wata Laraba da ba ta barin ni barci.
Malam na tsakiyar dogon rabawa a allo,
Lawandi ya jefo amsa daga baya.
"Wa ya tambaye ka?"
Malam ya ƙarasa, ya samu wata daban,
ya buɗe bayan littafi, ya yi jim,
ya sa gefen hannu ya goge tasa,
ya rubuta ta yaron.
Ba wanda ya ce uffan.
Ina kusa, na ga alli yana rawa.

Bai shiga aji shida da mu ba.
Aka ce kuɗin jarrabawa,
aka ce ciwon idon babansa,
aka daina cewa komai.

Shekara ashirin da bakwai ke nan.
Yanzu ni ke riƙe da alli a Samaru,
albashi na zuwa in ya ga dama.
Jumma'ar da ta wuce na kai shadda kasuwar birni
a yi mini aska biyu.
Mai ɗinkin ya ɗago, ya ce, "Manita!"
Ya yi dariya har hularsa ta zame.
Ya auna ni da ido, ya lissafa zare da kwanaki
kafin in lalubo wayata a aljihu.
Na shirya ban haƙuri tun ina yaro,
ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Ya ce, "Ai Uwani tana ajinka,
tana zaune wurin gwaggonta a Hayin Dogo.
Kullum sai ta ba ni labarinka."
Na ce, "Allah sarki, Uwani."
Na bi fuskokin ajin ɗaya bayan ɗaya a raina,
layin farko, na biyu, na uku,
daga nan sai duhu.

Yau Litinin.
Hedimasta ya aiko a kira ni,
ga takarda na yago, ga hannuwa a gaba sun tashi,
kowa na so a ba shi.
Can baya, gindin taga,
wata yarinya tana lissafi a kan gwiwarta.
Ban san ko ita ce ba.
Dole in tambaya,
kuma da Hausa zan tambaya.